Sabon Direban Tirela: Nawa Zai Kai Gida?

 Gaisuwa ta musamman ga waɗanda shirin nan ya riska a bakin hanya, na Tafa da na Mararrabar Jos, na Ogere da na Obajana, da masu jiran a buɗe musu shinge a Jibiya ko Illela. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Yau zancen kuɗi za mu yi. Samari da yawa suna tambaya, shin nawa sabon direban babbar mota yake samu? Ba su yi laifi ba. Aiki ya yi wuya, mai digiri yana yawo da takardunsa, sai kuma yaro ya ga direban tirela ya sauko wurin mai shayi, ya ce a soya masa ƙwai huɗu, ya zaro damin 'yan dubu-dubu daga aljihun gaba ya biya har da na mutum biyu da ke zaune a benci. Daga nan yaro ya gama yanke shawara, shi dai tirela zai koya.

To ƙanena, damin nan da ka gani, yawancinsa ba na direban ba ne, kuɗin mota ne. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Tirela mai cikakken lodi tana shan kamar lita ɗaya ta dizal a kowane kilomita biyu zuwa uku, wato zuwa kaɗai zai lashe lita 400 ko kusa da haka. Dizal kuwa tun 2022 ya yi tashin da bai koma inda yake ba, har ya haura naira 1,000 a lita. Ka buga lissafin da kanka. Dubu ɗari huɗu sun tafi a tanki, ba a taɓa abinci ba, ba a yi faci ba, ba a ba kowa na goro ba. Tsadar nan ce ta sa a watan Fabrairun 2024 ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO ta ce za ta ajiye tankokinta, domin abin da ake biyansu ba ya fitar da su. Idan mai motar da kansa yana kuka, sai ka tambayi kanka me zai rage wa wanda aka ba amanar sitiyari jiya-jiya.

Kafin ma a kai ga sitiyarin akwai shekarun da ba a cika ba da labarinsu ba. Mafi yawan direbobinmu na manyan motoci ta hanyar yaron mota suka biyo. Kai ne wankin mota, kai ne sa weji idan an tsaya a kan tudu, kai ne ɗaure tamfol a cikin ruwan sama, kai ne kwana a ƙarƙashin bodi kana gadin taya da batir alhali oga yana ɗaki. Albashi babu. Oga zai ciyar da kai, idan an sauke lafiya ya miƙa maka wani abu, gwargwadon halinsa da abin da tafiyar ta bari. Wani ogan mai tsoron Allah ne, zai fara ba ka baya-baya a gareji, ya ba ka hanya idan ta miƙe kuma mota ba lodi, har hannunka ya faɗa. Wani kuwa sai ka shekara kana binsa bai bar ka ka taɓa giya ba, domin ya san ranar da ka iya, ranar ya rasa mai yi masa hidima. Duk mai lissafin samun direba ya sa waɗannan shekaru a ciki, don su ne kuɗin makarantar. Sannan ga lasin. Tirela ajinta daban, lasin aji G ake nema, kuma shi ma da kuɗi ake yin sa.

Ranar da makulli ya zo hannunka, sai an sami wanda zai tsaya maka, mutumin da mai mota ya sani kuma zai iya kamawa idan ka yi ɓarna. Kuma kada ka sa ran sabuwar mota. Sabuwa ta tsohon direba ce, wanda Alhaji ya gwada shekara da shekaru. Kai za a ba ka wadda kowa ya gudu ya bari, mai zafi a kan tudu, mai cin taya, wadda bakanike ya san lambarta da ka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a aljihunka, saboda a sana'ar nan taya ce ke biya. Ranar da ta juya ka samu, ranar da take kan jak ka ci daga na jiya.

Masu ɗaukar direba iri-iri ne. Akwai manyan kamfanoni, na siminti, na fulawa, na lemo, na mai. Su suna da albashin wata, da alawus na kowace tafiya, wasu da fansho, inda doka ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Sun fi kwanciyar hankali, amma ƙofarsu ƙunci gare ta ga sabon shiga. Za su nemi lasin na gaskiya, da shaidar shekarun da ka yi kana tuƙi, da gwajin ido, da gwajin ƙwaya. A 2025 matatar Dangote ta sanar da shigo da tankoki 4,000 masu aiki da iskar gas don raba mai da kanta, kuma kun ji takaddamar da ta biyo baya da ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG a watan Satumba kan shigar direbobin ƙungiya. Abin da nake so samari su ɗauka daga wannan labari shi ne, aikin tuƙi mai tsari yana ƙaruwa, kuma takarda yake tambaya kafin ya tambayi ƙarfin hannu.

Amma mafi yawan sababbin direbobi ba can za su fara ba. Wurin Alhaji mai mota biyu ko biyar za su fara, inda komai da baki ake yi. Wani zai yanka maka ɗan albashi ya ƙara da ladan tafiya. Wani babu albashi sam, tafiya kawai yake biya. Wani zai ce a cire mai da gyara, abin da ya rage a ba ka kaso. A nan ne nake so ku buɗe kunne. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Najeriya. Sai dai dokar ta cire wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta kuma cire wanda ake biya da kamasho ko da gwargwadon aikin da ya yi. Ka duba direban Alhaji, ka ga duka biyun sun hau kansa. Ma'ana, ko naira 70,000 ɗin nan doka ba ta lamunce masa ba. Abin da kuka yi magana a kai ranar karɓar makulli, shi ne dokarka, kuma idan babu shaida, maganar mai mota ce za ta tsaya.

Yanzu mu zo kan ainihin lissafin, wanda shi ne adadin tafiya. Mu ɗauka, misali kawai, an ce ladanka naira 50,000 a kowace tafiya. Ranar da ake cinikin, a ranka kana lissafa tafiya huɗu a wata, ka ga naira 200,000, ka fara tunanin kayan ɗaki. Bisa ƙa'idar hanya, gudun tirela da tanka bai wuce kilomita 60 a awa ba ko a babban titi, don haka Kano zuwa Legas awa 16 ce da wani abu ta tuƙi zalla, a ce titin lafiyayye ne. Wanda ya bi ta Mokwa da Jebba ya san ba haka yake ba. Ka ƙara barci, da salla, da cunkoso, da motar da ta faɗi ta tare hanya. Ka isa, sai jiran saukewa. Ka sauke, sai neman lodin dawowa, domin mai mota ba zai yarda ka taho wayam ba, shi kuma ɗan kamasho yana da nasa mutanen da yake fara ba wa, kai baƙo ne a tashar. Ka dawo, sai mota ta shiga gareji. Wata ya ƙare, tafiya biyu ka yi. Naira 200,000 ta zama 100,000, kuma ba wanda ya yi maka ƙarya. Kai ne ba ka tambayi tafiya nawa motar ta yi a watan jiya ba.

Jira shi ne babban ɓarawon direba, kuma babu kotun da za ka kai shi. Kafin hukumar tashoshin ruwa ta kawo tsarin kiran mota ta waya mai suna Eto a 2021, direbobi kan yi kwanaki, wani lokaci makonni, a layin Apapa, suna wanka da bokiti a gefen titi. An rufe iyakokin ƙasa na Najeriya daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ɗaruruwan motoci suka maƙale a Malanbil, bakin gadar shiga Gaya, kaya na lalacewa, direbobi na cin bashi a wurin masu abinci. 'Yan'uwanmu direbobin Nijar sun san yadda daga baya aka koma ɗauko kaya daga Lome ta Burkina Faso, a jira rakiyar sojoji kafin ayari ya motsa. Mai zuwa kudu maso gabashin Najeriya kuma ya san ranar Litinin ta zaman gida da aka fara a 2021, wadda ta sha sa a ajiye mota a jira gari ya waye. Duk waɗannan kwanaki, wanda ake biya da tafiya ba a biya shi ko sisi ba, amma cikinsa bai san da haka ba, na iyalinsa ma haka.

Sai kuɗin hanya. Mai mota zai damƙa maka wani adadi ya ce ka je ka dawo. A ciki za ka ci, ka ciyar da yaronka, ka yi faci, ka yanki tikitin yuniyan, ka sallami masu shinge. Tun 1998 akwai dokar da ta hana kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji, amma je ka faɗa wa mai riƙe da katako mai ƙusoshi. Wannan ya ce sitika, wancan ya ce takardar ƙaramar hukuma, wani ya ce na lodi da saukewa, wani ma ba ya cewa komai, hannu kawai yake miƙowa. Tsohon direba ya san inda ake ba da ɗari biyu a wuce, ya san inda ake sauka a yi gaisuwa, ya san shingen da ake bari sai dare ya raba. Abin da ya rage masa daga kuɗin hanya nasa ne, kuma sau da yawa ya fi ladan tafiyar. Sabo kuwa fuskarsa kaɗai ta nuna sabo ne, ko'ina sai ya biya cikakke, har da tara. Kuɗin hanyar da ke yi wa ogansa ragowa, shi sai ya ƙare masa a Ilori, ya buga waya gida a turo masa, a rubuta masa bashi.

Akwai kuma abin da ake zaftarewa bayan an dawo, kuma wannan ne ya fi sa sababbin direbobi hawaye. Direban tanka ya ɗauko lita 45,000. A gidan mai aka sa sanda aka ce lita 200 ba ta cika ba. Wataƙila bambancin ma'aunin daffo da na gidan man ne, wataƙila zafi da sanyi ne, domin mai yana kumbura yana kuma tsukewa, wataƙila wani bawul ne ke ɗiga. Ba ruwan mai kaya. Idan lita tana naira 900, ka ga naira 180,000 ke nan a wuyan direba. Mai ɗaukar siminti buhu 600 ko 900, ruwa ya ratsa tamfol buhu goma suka daskare, nasa ne. Taya ta fashe, sai a ce gudu ya yi, ko da tayar ta riga ta suɗe tun kafin ya karɓi motar. Na ga direban da ya yi wata cur yana aiki, ranar lissafi aka nuna masa shi ake bi. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai karɓi mota ya kira bakanike da shaidu, a ƙirga tayoyi a duba lafiyarsu, a rubuta. Minti talatin ne, amma yana iya tsare maka ladan wata uku.

To, wani zai ce, Malam, ai mun san direbobin da suka gina gida suka je Makka. Gaskiya ne, akwai su, kuma da yawansu da guminsu ne, bayan shekaru masu yawa da amanar da ta sa 'yan kasuwar Dawanau ko Mile 12 ke kiran lambarsu kai tsaye ba sai ta hannun ɗan kamasho ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, wani ɓangare na kuɗin da ake yi wa sana'ar nan kirari da shi daga gefe yake fitowa. Sayar da dizal na mota a jarka. Ɗora ƙarin kaya da mai mota bai sani ba. Da kuma ɗaukar fasinja a saman lodi, mutane tsibi a kan buhuna ko a kan katakon da aka gitta sama da shanu. Na farko da na biyu cin amana ne, kuma zamaninsu yana ƙarewa, don yanzu akwai na'urar da ke nuna wa mai mota inda kake, da gudun da kake yi, wata har da yawan man da ke tanki, yana zaune a falonsa. Na ukun kuwa rayuka ne. Sau nawa muka karanta muku a labarai cewa tirela ta kife, mutum ashirin, talatin, sun rasu, duk 'yan ci-rani ne masu neman sauƙin kuɗin mota? Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana yaƙi da wannan. Saurayin da ya sa irin wannan kuɗi a cikin lissafinsa, ya sa har da gidan yari da haƙƙin mutane.

Bari in taɓa masu kallon bidiyo a waya, waɗanda ke ganin direbobi a Amurka da Kanada suna nuna gado da firji a cikin mota. Alƙaluman gwamnatin Amurka na 2023 sun nuna direban babbar mota na tsaka-tsaki yana samun dala 54,000 da 'yan kai a shekara, kafin haraji da haya da inshorar lafiya, kuma sabon shiga ƙasa da haka yake farawa. Su ma masu dogon zango yawanci da mil ake biyansu, su ma jiran lodi yana cinye musu yini, kuma doka ta hana su wuce awa 11 suna tuƙi kafin su huta. A manyan kamfanoninsu an sha samun shekarun da yawan direbobin da suka bar aiki ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na adadin ma'aikatan. A watan Agustan 2025 kuma Amurka ta dakatar da ba da bizar aiki ga direbobin manyan motoci. Saboda haka duk dillalin da ya ce ka kawo miliyoyi ya kai ka tuƙi can, ka riƙe kuɗinka.

Haka nan mai cewa ka karɓi mota ka riƙa biya sannu-sannu har ta zama taka. Abin yana yi wa wasu kyau. Amma balas ba ya jiran mota ta fito daga gareji, kuma idan ka gaza wata biyu ko uku ana iya karɓe ta, abin da ka zuba ya bi ruwa. Wannan ba cinikin shekarar farko ba ne.

To nawa sabon direba zai sa rai? Ni a ganina, a shekararsa ta farko ya sa ran abin da zai ci, ya ciyar da ƙaramin gida, ya yi suturar salla, tare da watanni masu kyau da watannin da zai ci bashi. Wata mai kyau zai iya fin ƙaramin ma'aikacin gwamnati, wata mara kyau kuma ma'aikacin ya fi shi, don shi nasa ba ya jiran lodi. Fili da gini da auren biyu su jira. Samun gaske yana farawa ne lokacin da aka san ka, aka ba ka mota mai lafiya, ka san hanya da mutanenta, ko kuma ka tara shekarun da kamfani zai karɓe ka. Sana'a ce mai rufin asiri ga mai haƙuri da lafiyar jiki, ba na hana kowa shigarta, don da waɗannan motoci ne hatsi da albasa da shanu ke isa kudu, mai da siminti ke isowa arewa.

Ƙanena, ranar da za a ba ka makulli, ka tafi da babba, mahaifinka ko ogan da ya koya maka. Cikin ladabi ka ce, ranka ya daɗe, tafiya nawa motar nan ta yi a watanni ukun da suka wuce? Idan ta kwana a gareji ko a layi, akwai kuɗin abinci? Idan kaya ya yi giɓi ko taya ta fashe, wa zai biya? Idan na ji rauni a kan hanya, wa zai kai ni asibiti? Wannan ta ƙarshe kada kunya ta hana ka, domin inshorar dole da yawancin motoci ke yi ta wanda aka buge ce a waje, ba ta direba ba.

Ku kuma iyayenmu masu motoci, da shugabannin yuniyan a tashoshi, yaron nan dukiyar miliyoyi kuke damƙa masa. Ku rubuta masa sharuɗɗan a takarda guda, da Hausa ko da ajami, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ku yanka masa wani abu na kwanakin jira, ko yaya yake, don direban da yunwa ta kama a layi shi ne mai buɗe tanki ya sayar da dizal. Wanda zai fara wannan a tasharsa, ya fara da yaron da zai ba makulli a wannan makon.

A tuƙa lafiya.